Gidan Mai Rijiya a Kinkinau

Duk wanda ya ga Mansura a motar nan ran Talata da safe ya san yarinyar nan ta gama shan wuya. Ko kuwa dai in ce haka ita take zato.

Shekara biyu ta kwashe tana fama da mahaifinta a kan Sharhabil. Alhaji bai taɓa cewa yaron ba shi da hali ba. Abin da ya tsaya masa a maƙoshi shi ne, malamin makarantar kuɗi, maraya ta wajen uwa, ba gida ba mota, da me zai riƙe masa 'ya? An yi kuka, an yi yajin cin abinci, an tura manya, har limamin unguwarsu a Funtuwa sai da ya sa baki. Da Alhaji ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya ce to su je su ƙarata. Aka kawo kaya, aka sa rana bayan ƙaramar Sallah.

Shirinsu kuwa tun tuni a tsare yake. Da an yi biki za su tare a Kaduna, su shiga karatun digiri na biyu tare, ita ilimin halittu, shi tsarin birane. Abin da ya fito da su ke nan yau, su ga makarantu da idonsu. Alhaji ya ce ba inda 'yarsa za ta bi saurayi ita kaɗai, sai dai yayanta Sagir ya ja su a motarsa. Umma kuma ta ce lallai su biya unguwar Kinkinau su gaida Iya Kulu, mahaifiyarta, don tsohuwar ba ta taɓa ganin mijin jikarta ba.

Suna wuce Katabu Sagir ya dubi madubi ya ce, "Ni dai an cuce ni. Direba ni ne, ɗan sanda ni ne, man mota ma daga aljihuna."

Sharhabil da ke gefensa ya yi dariya. "Yaya, ai lada kake samu."

"Ladan a ba ku. Ke kuma ta baya, rufe bakin nan haka kada ƙuda ya shiga."

Mansura ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ina, murmushin ya ƙi ɓuya.

Sun fara da jami'ar jiha. Sharhabil ya shiga ofis ya fito, ya sake shiga wani ya fito, yana tambaya kamar wanda zai sayi makarantar gaba ɗaya. Ita kuwa Mansura idonta na kan ɗalibai mata da ke zaune gindin bishiyoyi da jakunkunansu, waɗansu har da goyo.

Ya zo ya tsaya kusa da ita, ya nuna wani benci da baki. "Kin ga can? Nan za ki riƙa jirana in kin riga ni fitowa."

"In kai ka riga ni fa?"

"Sai in je gida in ɗora tukunya."

"Allah ya kiyaye cikina," in ji ta.

Daga nan suka leƙa jami'ar sojoji, inda aka sa Sagir buɗe but ɗin mota tun daga ƙofa, ya yi ta gunaguni ƙasa-ƙasa don ya san ba wurin ɗaga murya ba ne. Suka biya Unguwar Dosa suka duba wani ciki da falo da dillali ya yi musu maganarsa. Mansura ta tsaya a tsakiyar falon da babu ko tabarma, a ranta har ta gama jera kujeru, ta rataya labule, ta zaɓi kusurwar da zai sa teburin karatunsa.

Abu ɗaya kawai ta lura da shi. Tunda suka shigo gari, in hira ta lafa, sai Sharhabil ya yi shiru yana kallon titi. Ta san a Kaduna aka haife shi, ta san mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, kuma ta san ba ya son zancen. Don haka ta ƙyale shi.

Bayan azahar suka shiga Kinkinau.

Tun daga zaure ƙamshin ƙuli-ƙuli ya tare su. Iya Kulu ta haura sittin, 'ya'ya sun yi magana har sun gaji, amma ta ce ranar da ta daina matsar gyaɗa ranar za ta kwanta ciwo. Tana zaune a kan dakalin siminti da ke tsakiyar gida tana zuba mai a kwalabe, ta ɗago ta gan su.

"Lale, lale. Yau ga kishiya a gidana." Ta harari Mansura sama da ƙasa. "Dubi yadda ta rame. Haka za a kai ki, kamar sillen kara?"

"Iya, ko ruwa ba ki ba ni ba kin fara."

"Ruwan me? Matsa in ga abin da kika kawo mini."

Sharhabil ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Tsohuwa ta kalle shi, ta gyaɗa kai, sannan ta juya wajen Sagir.

"Kai, Sagiru, yau dai aurena da kai ya ƙare. Shekara nawa ina zaune da kai ba cefane ba zane? Ga ango na samu, dogo, mai kunya. Ke kuma sai ki nemi wani."

"Wallahi Iya sai dai mu raba," in ji Mansura.

"A raba da wa? Ni ce uwargida."

Aka yi ta dariya. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki, ta kawo musu dambun shinkafa da ya sha zogale da man ƙuli, da zoɓo mai sanyi. Ta tambayi Funtuwa, ta tambayi Alhaji. Da ta zo kan Umma kuwa sai ta kawar da kai ta ce, "Ita waccan ɗin tana lafiya?" Umma 'yar fari ce, kuma Iya irin mutanen da ne, har yau ba ta taɓa kama sunanta ba, balle su zauna hira.

Sai da suka ci suka ƙoshi sannan ta gyara zama ta ce, "To angona, ɗan gidan wa ne kai a Funtuwa? An ce mini sun yi bincike, amma ni binciken maza ba ya gamsar da ni."

"Sunan mahaifina Malam Yusha'u, Iya. Amma asali a nan garin aka haife ni, a Kakuri. Baba ma'aikacin masaƙa ne a da."

"Ikon Allah. Ashe na gida ne."

Sharhabil ya dubi Mansura, sannan ya dubi tsohuwar.

"Iya, tunda Allah ya kawo ni Kinkinau, akwai wata tambaya da na daɗe da ita a raina. Ko Mansura ban taɓa gaya wa ba. Na ga ke tsohuwar unguwa ce, wataƙila ki sani."

"Ina jin ka."

"Lokacin rikicin shekarar dubu biyu ina jariri. Baba yana wajen aiki abin ya tashi, hanya ta rufe, bai samu komawa gida ba. Mahaifiyata ta goya ni ta bi ayarin masu gudu suka tsallako kogi. Ba ta san kowa ba a wannan ɓangaren. Wani gida a nan Kinkinau suka buɗe mata ƙofa, ta zauna makonni, ga ta ba lafiya, har Baba ya gano inda muke ya kwashe mu zuwa Funtuwa. Ba ta ƙara shekara ba ta rasu."

Ya gyara zama, ya ci gaba.

"Baba ya ce a firgice ya zo a firgice ya tafi, ko sunan maigidan bai riƙe ba. Abin da ya tuna kawai, akwai rijiya a tsakiyar gidan, kuma matar gidan tana ƙuli-ƙuli. Ni ko hoton mahaifiyata ba ni da shi. Ina so in ga mutanen da suka rufa mata asiri in yi musu godiya. In da wanda ya tuna kamanninta, ya gaya mini."

Gaban Mansura ya buga don murna. Dakalin nan da suka tarar da Iya zaune a kai, ai rijiya ce. Tun Mansura tana ƙarama aka rufe ta da siminti bayan an ja famfo. Ta buɗe baki za ta ce ai ga ka a gidan, sai ta ji yatsun Iya sun damƙe mata cinya ta ƙarƙashin mayafi, damƙar da sai da ta ji har ƙashi.

Ta juya. Ba ta taɓa ganin fuskar kakarta haka ba. Duk wasan nan ya ɗauke.

"Yaya sunan mahaifiyar taka?" in ji Iya, a hankali.

"Harira."

"Miƙo hannunka na hagu."

Ya miƙa yana mamaki. Ta juya hannun, ta shafa gefen ƙaramin yatsa, inda wani ɗan tabo yake kamar ƙwayar gero.

"Da cindo aka haife ni," ya ce yana ɗan murmushi. "An ce wanzami ya cire tun ban yi wayo ba."

Iya ta saki hannun. Ta ɗauki kwalbar mai za ta rufe, murfin ya kuɓuce mata ya gangara. Daidai nan aka kira la'asar a masallacin bakin layi.

"Sagiru, ka kai baƙo masallaci."

"Iya, ko kin san gidan?" in ji Sharhabil.

"Je ka yi salla tukuna."

Suna fita ta miƙe da ƙyar, ta shige ɗaki. Mansura ta bi ta, ta same ta zaune a bakin gado ta dafe kai da hannu biyu tana ta salati.

"Iya, lafiya? Ai abin murna ne. Gidan nan ne fa yake nema, ke ce kika taimaki mahaifiyarsa. Me ya sa kika hana ni faɗa?"

"Saki labulen nan, ki zauna."

Ta zauna a ƙasa, ta dafa gwiwar tsohuwar.

"Ran da Harira ta shigo gidan nan ba takalmi a ƙafarta," in ji Iya. "Yarinya ce, ba ta kai ki ba ma. Zazzaɓi ya rufe ta, ga firgita. Kafin a yi haka nononta ya ƙafe ƙaf. Yaron nan ya yi kuka har muryarsa ta daina fita. Shaguna a rufe, ba mai fita, ina za a ga madara? Na dama koko na ɗiga masa, ya amayar. Ni kuwa a lokacin ina goyon Nazifi."

Nazifi shi ne autan Iya, ƙanin Umma, yana bautar ƙasa a kudu. Mansura ta ɗago ta dube ta.

"Iya..."

"Na ɗauke shi na sa masa."

Daga waje ana jin liman ya ta da salla.

"Sau ɗaya?" Mansura ta tambaya, da wata murya da ita kanta ba ta gane ba. "Sau ɗaya ne ko, Iya? Don kada ya mutu?"

"Wa ya ƙirga? Nazifi a dama, shi a hagu, har ranar da ubansa ya zo. Wannan cindon da shi yake riƙe mini riga in yana sha. Ni na kira wanzami ya cire shi, a kan cinyata."

Mansura ta yi Islamiyya, ba ta buƙatar fassara. Abin da jini ya haramta, nono ya haramta. Amma kanta ya ƙi ɗauka, sai da Iya ta faɗa da bakinta.

"Ɗana ne, Mansura. Ƙanin uwarki ne. Yadda Nazifi yake a wurinki haka yake."

"A'a."

"Babu aure tsakaninku."

"A'a, Iya. Wasa kike yi. Irin wasanki ne, ki ce kin ƙwace mini miji. To na bar miki na yau, ki daina."

Da ta ga hawaye na bin kumatun tsohuwar, sai kukan ya ƙwace mata. Ta toshe baki da mayafi don kada maƙwabta su ji.

"Me ya sa ba wanda ya sani? An yi bincike, an je har ƙauyen kakanninsa. Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Kunya," in ji Iya.

"Kunya?"

"Ke ba za ki gane ba, 'yar zamani. A lokacin uwarki amarya ce, ba a daɗe da kai ta ba, ni kuma ga ni da ɗanyen goyo. Matan layin nan ba irin tsiyar da ba su yi mini ba, wai Kulu za ta yi goyo tare da 'yarta. In ubanki ya zo gaisuwa, ɓoye Nazifi nake yi a ƙuryar ɗaki kada suruki ya gan ni da jariri. To sai kuma a ce ga ta can da biyu a ƙirji? A bayan labule nake ba shi. Malam kakanki ma har ya koma ga Allah bai sani ba. Da mijin Harira ya zo, ta ce bari ta gaya masa don ya yi mini godiya, ni na riƙe hannunta na ce ta rufa mini asiri. Baiwar Allah, ashe ta riƙe har kabari."

"Umma fa? Ko Umma ba za ki gaya wa ba?"

"'Yar fari? Ni da ko sunanta ban taɓa kamawa ba, zan zaunar da ita in yi mata zancen nonona?"

Wallahi in ka ji wani abin sai ka rasa wanda za ka zarga. Tsohuwa ta ceci rai, ta kuma ɓoye kamar wadda ta yi sata. Ga inda ɓuyan ya kawo su.

Mansura ta rarrafa ta kama ƙafafun kakarta.

"Iya, ki dube ni. Shekara biyu ina kuka a kan mutumin nan. Na saɓa wa Baba, na ƙi cin abinci, na zama abin nuni a dangi. An kawo lefe, an kai ɗinki. Yau ɗin nan muka ga ɗakin da za mu zauna, Iya, har na san inda zan sa gadona. Wa ya san maganar nan?"

"Ni da Harira."

"Ta rasu. Saura ke kaɗai."

"Da Allah."

"Allah ya san ba mu sani ba. Da ba mu biyo ta nan ba fa? Da motar Yaya ta lalace a Katabu mun juya? Da an ɗaura, ba ruwan kowa."

"Amma kun biyo."

"To ki yi kamar ba mu biyo ba. Kin yi shiru shekara ashirin da wani abu saboda bakin matan layi. Ni ban kai matan layi ba a wurinki? Ke kika yaye ni, a gadon nan na kwana a bayanki. Ki rufa mini asiri, Iya, kamar yadda ita ta rufa miki."

Wannan maganar ta soki tsohuwar. Ta rufe ido, ta daɗe tana girgiza kai, hawaye na ɗiga a kan hannun jikarta. Duk cikin jikokinta babu wadda take so kamar Mansura, kowa ya san haka.

Can ta nisa ta ce, "Shi ke nan. Bakina ba zai iya gaya masa ba ko da na so. Yaron da ya zo da godiya, in sallame shi da wannan? Ba zan faɗa ba."

Mansura ta ɗago da sauri.

"Na yi shiru don kunya, zan ƙara don ke. Zunubin na ɗauka, dama ni na jawo. Zan zo bikin, in yi guɗa, in karɓi kuɗin sayen baki." Ta share fuska da gefen zane. "Abu ɗaya kawai za ki taimake ni da shi. Ranar da kika haihu aka miƙo mini jaririn, ki gaya mini me zan kira shi. Ɗan jikata ne, ko ɗan ɗana?"

Mansura ta saki ƙafafun.

Ta jingina da bango tana kallon labule. Ta nemo fuskar Sharhabil a ranta, yadda ya nuna mata benci da baki ɗazu, sai fuskar Kawu Nazifi ta shigo ta tsaya kusa da ita. Ta kore ta, ta dawo. Tsayinsu ɗaya, shekarunsu ɗaya, a ƙirji ɗaya suka yi barci.

Tana son sa. Wannan bai ragu ba ko kaɗan, kuma shi ne abin da ya fi ba ta tsoro.

Sallamar Sagir ta katse su. Kafin su amsa sai ga muryar Sharhabil a tsakar gida, sama-sama, irin yadda ba ta taɓa jin ya ɗaga ta ba.

"Iya. Iya, kina ina?"

Iya ta gyara ɗaurin kallabi ta fita, Mansura na biye da ita.

Yana tsaye gaban dakalin, ya dafa simintin da tafin hannu, idonsa jawur amma fuskarsa fal murna.

"Na tambayi wani dattijo a masallaci, ladanin. Ya ce gida ɗaya ne a layin nan mai rijiya a tsakiya, gidan marigayi Malam mijin Kulu mai ƙuli. Ya ce ya tuna mutanen Kakuri da aka saukar a nan." Ya zube a gabanta. "Ashe ke ce, Iya. Ashe a gidan nake zaune ina ba ki labarin gidan. Shi ya sa kika san hannuna."

"Ni ce," in ji Iya da ƙyar.

"Kin san ta. Kin ga fuskarta. Yaya take?"

"Fara ce, siririya. Tana da wushirya irin taka."

Ya kai hannu bakinsa, ya yi dariya, hawaye na zuba. Sagir ma sai da ya juya baya yana gyaran hula.

"Allah mai iko," in ji Sharhabil. "Duk gidajen duniya, sai jikar gidan nan Allah ya sa mini a zuciya. Baba zai yi kuka in ya ji. Alhaji kullum yana cewa bai san asalina ta wajen uwa ba, to ga shaida a gidan surukarsa. Iya, da me zan saka miki? Ba ni da uwa, daga yau ke ce uwata."

Iya Kulu ta dafa bango. Ta cika alƙawari, ta kulle bakinta, ta juyo da jajayen idanunta kan Mansura ta bar su a nan.

Sai a lokacin ya lura da ita.

"Mansura, kin ji kuwa? Kukan me kike yi haka? Ai yau ranar farin ciki ce." Ya sassauta murya yadda yake yi in su biyu ne. "Share hawayenki, amaryata. Kin ga tun ina zanin goyo aka rubuta ni ɗan gidanku ne."

Abin da za ta yi kaɗan ne. Ta yi murmushi, ta ce kukan daɗi ne, su shiga mota. Kafin magariba sun wuce Zariya. Bayan Sallah a ɗaura, su tare a Unguwar Dosa, ta riƙa jiran sa a kan bencin nan. Ba wanda zai taɓa sani.

Ta dubi hannunsa na hagu da ke kan simintin rijiyar, da ɗan tabon nan.

A hankali ta ja mayafinta ta rufe kai sosai. Ta zame takalmanta. Ta durƙusa a gabansa gwiwa biyu, ta sunkuyar da kai, irin durƙuson da ba ta taɓa yi masa ba, wanda take yi wa ƙannen Umma in sun zo Funtuwa.

"Ke, mene ne haka?" in ji Sagir.

Sharhabil ya yi 'yar dariya, amma ba ta kai ko'ina ba. "Mansura, tashi mana. Wannan gaisuwar ta mece ce?"

"Ba masauki kaɗai Iya ta ba ka ba," ta ce. "Nonon mahaifiyarka ya ƙafe a gidan nan. Wanda Kawu Nazifi ya sha, shi ka sha."

Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba. Ya tsaya a wurin, ya bushe. Ya dubi Iya. Tsohuwa ta rufe fuska da zane ta sulale ƙasa a jikin bango. Makullin motar Sagir ya faɗi a kan siminti, ba wanda ya duƙa ya ɗauka.

"Mansura," ya ce, kamar mai roƙo. "Dube ni."

Ba ta ɗago ba. Ta zare zoben da ya sa aka kawo mata ranar sa rana, ta ajiye a kan murfin rijiyar kusa da hannunsa.

"Sannu da dawowa, Kawu," ta ce.